Shekarar da Aka Ɗaga Kwandon Drenik

"Minti goma, Radmila, kada ki wuce," in ji Ratko Perin, shugaban ƙungiya, yana gyara mini tsayin makirfo. "Ki ba da tarihin kakar wasan shekarar hamsin da takwas, ki yabi tsofaffi, ki ɗan sa su dariya. Ke ce mai digiri a cikinmu. Ga nama can yana hucewa."

"Zan yi ƙoƙari," na ce.

"Maganar babanki kuma, kin dai gane. Yau ranar murna ce."

"Na gane."

Ya koma kujerarsa. Na jira tafi ya lafa, sannan na fara.

Mai girma shugaban wannan taro, kuma shugaban ƙungiyarmu ta ƙwallon kwando, Ratko Perin. Mai girma magajin garin Drenik, wanda ya samo mana rufin wannan ɗaki bayan ya yi alkawarinsa a zaɓe uku. Wakilin hukumar wasan ta ƙasa, wanda ya yi tafiyar awa biyu domin ya tabbatar muna nan da rai. Fada Arsa, wanda ya sa wa filin nan albarka ɗazu. Iyayenmu tsofaffin 'yan wasa uku da suka rage, musamman dogon kyaftin ɗinsu, Kawu Jefta Kolarov. Matan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Membobin ƙungiya masu kati. Jama'ar Drenik, maza da mata: barkanku da rana, barkanku da wannan taro.

Ina godiya da kuka gayyace ni. Shekara ashirin da shida ina koyar da aikin safiyo a jami'a, ina nuna wa 'ya'yan mutane yadda ake auna ƙasa, ba wanda ya taɓa neman jin bakina a garin nan sai yau, saboda haka godiyata ta gaske ce. Ina taya ku murnar cika shekara hamsin da shigar ƙungiyarmu rukunin farko na ƙasa, karo na farko kuma na ƙarshe. Ina kuma taya ku murnar wannan sabon ɗakin wasa, wanda daga yau zai ɗauki sunan marigayi Kosta Perin, shugaban ƙungiya na wancan zamani, mahaifin shugabanmu na yanzu.

Kafin in shiga tarihi, ku sani akwai mutum ɗaya da bai shigo ba. Mahaifina, Obrad Tomin, yana waje cikin motata. Shekararsa saba'in da bakwai, yana sanye da kwat ɗin da ya sa ranar aurena. Ba ciwon ƙafa ne ya hana shi shigowa ba. A watan Oktoba na shekarar 1958, babban taron membobin wannan ƙungiya ya yanke cewa kada ya ƙara taka harabarta har ya mutu, shi kuwa mutum ne mai bin doka. Taro ne ya kore shi, taro ne kaɗai zai iya janyewa, kuma dokar ƙungiya ta ce ana yin hakan da ɗaga hannu, in dai rabin membobi suna wurin. Yau kun fi rabi, albarkacin gasasshen nama. Zan faɗi abu huɗu, sannan in roƙe ku hannuwanku.

Na farko, filin.

Yaran da ke zaune can baya ba su san shi ba. Yana bayan kamfanin bulo, inda manyan motoci ke tsayawa yanzu. A 1948 ma'aikatan kamfani suka kafa turakun ƙarfe biyu cikin siminti, suka rataya allo da zobe, aka auna tsayin zoben daga ƙasa, mita uku da santimita biyar, kamar yadda dokar wasa ta ce. Ba mu da katako, ba mu da rufi, amma muna da abin da babu garin da ya kai mu, wato fasasshen bulo. Kowace shekara, Lahadin farko ta watan Afrilu, gari duka ya fito da baro da shebur, a kwaso dakakken jan bulo daga kamfani, a shimfiɗa, a yayyafa ruwa, a daɓe da gangar ƙarfe. Mata su dafa miyar wake a babbar tukunya, maza su yi gardamar wanda ya fi turi, kowa ya koma gida da jar ƙafa. Muna alfahari cewa filinmu sabo ne kowace shekara. Mun iya zubawa, mun iya daɓewa, mun iya alfahari. Abin da ba wanda ya taɓa yi shi ne kwashe na bara kafin a zuba na bana.

A kan wannan fili mahaifina ya koyi wasa. Ba dogo ba ne, ba shi da gudu. Abu ɗaya ya iya: ya tsaya daga nesa, ya riƙe ƙwallo da hannu biyu a ƙirji, ya sake ta, ta yi sama ta sauko cikin raga ba tare da ta taɓa ƙarfe ba. Jifa ɗari biyar kullum bayan an tashi daga aiki, shekara tara. Kun sa masa suna Agogo. A gida yakan ci maki talatin. In an je wasa wani gari, da ƙyar ya ci tara, kuma garin nan, da yake ba ya rasa bayani, ya ce ai Obrad ba ya iya cin miyar waken wasu. A jirgin ƙasa abokansa sukan ce masa, "Agogo, ko mu sako maka Mama cikin jaka?" Ya yi dariya, su yi dariya. A 1957 ba wanda ya ci mu a gida ko sau ɗaya, muka lallaɓa muka ci wasa biyu a waje, muka hau rukunin farko. Wannan hawan muke yi wa biki yau.

Na biyu, kakar da aka ce in ba da tarihinta.

Ita ce shekarar farko da aka biya 'yan wasanmu domin wasa kawai. Lokacin ba a faɗin haka da baki, sai a ba kowa aiki a takarda. An naɗa Kawu Jefta mai duba bututun hayaƙi, yana duba shi daga nesa. An naɗa mahaifina mai kula da ɗakin karatun kamfani, ɗakin da ke da littafi arba'in da makulli ɗaya. An ba shi gida mai famfo a ciki, mahaifiyata Anka ta yi kwana uku tana buɗe famfon tana rufewa.

Wasan farko ya zo a watan Mayu. Mutum dubu biyu, wasu a kan rufin kamfani, wasu a kan itatuwa. Aka miƙa masa ƙwallo a wurin da ya saba tsayawa, fili ya yi tsit, ya jefa, ta daki gaban zobe ta dawo. Ya sake, ta daki gaban zobe. Ya sake. Maki shida ya ci ranar. A ɗakin sauya kaya ya zauna yana kallon hannuwansa, ya ce, "Kwandon nan ya tashi sama."

Kawu Jefta ya ce, "Ba kwando ne ya tashi ba, Agogo, barasar jiya ce ba ta sauka ba."

Aka kwashe da dariya. Ba na ganin laifin dariyar, magana ce mai ban dariya. Kafin mako ya zagayo ta fita daga ɗakin nan ta shiga kasuwa, ta shiga gidan giya, ta shiga makaranta. Yaro ya faɗi jarrabawa, a ce kwando ya tashi. Burodi ya ƙi kumbura, a ce kwando ya tashi. Mutum ya nemi mace ta ƙi shi, kwando ya tashi. Har yau kuna faɗa. Makon jiya na ji wani direban tasi ya faɗa mini ita da motarsa ta ƙi tashi, bai san 'yar wa ya ɗauko ba.

Bayan wasa na uku mahaifina ya aro tsani da tef ɗin awo, suka tafi filin da mahaifiyata da sassafe. Ta riƙe tsanin, ya hau, ya auna. Ya sauko, ya tafi ɗaya kwandon, ya auna. Ya dawo na farko ya sake. Mita uku da santimita biyar, ba ƙari, ba ragi.

"Yaya?" in ji ta.

"Daidai yake, Anka."

"To shi ke nan, ai sai ka kwantar da hankalinka."

"In shi daidai yake," in ji shi, "to ni ne ba daidai ba."

Jama'a, ni malamar awo ce, kuma ban san wani mugun abu da ya kai awo na gaskiya da aka yi a makare ba. Ya ƙara jifa daga ɗari biyar zuwa dubu. Amma hannun da ya shekara tara yana koyon abu ɗaya ba ya mantawa cikin wata biyu, sai dai ya rikice: yau ta gaza, gobe ta wuce, jibi ba ta taɓa komai ba. Sauran 'yan wasa a ƙarƙashin kwando suke cin makinsu, ba su ji bambanci sosai ba, ko sun ji ba su faɗa ba. Wasa goma sha takwas muka yi a rukunin farko, muka ci biyu, muka koma inda muka fito. Ƙungiyoyin manyan birane sun fi mu tsawo, sun fi mu horo, sun fi mu takalma, amma wannan ba bayani ba ne da gari zai iya zama da shi duk tsawon lokacin sanyi. Sai aka tuna cewa an ga sabon rediyo a gidan Obrad. Yayan mahaifiyata ne ya ba su, amma ba wanda ya tambaya. Da farko aka ce yana sha, daga baya aka ce ya haukace, daga ƙarshe aka ce ya sayar da mu, wannan kuma ita ta fi daɗin faɗa, ita ta zauna.

A taron Oktoba, Kwamared Kosta Perin yana kan kujera, aka tambaye shi ko yana da abin cewa. Ya miƙe ya ce, "Ban sayar ba. Ban san abin da ya sami hannuna ba." Iyakar kariyarsa ke nan. Aka ɗaga hannu, kuma takardar taron ta ce ba wanda ya ƙi. Aikin ɗakin karatu ya tafi, gida mai famfo ya tafi, ina shekara huɗu muka koma ɗaki ɗaya a bayan tashar jirgi. Shekara talatin da ɗaya yana loda bulo a bakin murhun kamfanin nan, kuma tun da filin harabar ƙungiya ne, kullum sai ya zagaya ta hanyar maƙabarta, ƙarin tafiyar minti ashirin, safe da yamma. Mahaifiyata ta rasu ba ta taɓa kunna rediyon nan a gaban baƙo ba.

Na uku, abin da na gani.

Ba nemansa na yi ba, ku kuka kawo mini. Wata uku da suka wuce kwamitin biki ya aiko mini da akwatin tsofaffin hotuna, a kan in zaɓi waɗanda za a rataye, kuma suna nan a barandar da kuka shigo ta ciki, na huɗu da na biyar daga ƙofa. An ɗauke su daga taga ɗaya ta ofishin kamfani, ɗaya a 1957, ɗaya a 1958. A bayan kwandon akwai bangon bulo. Ku ƙirga layukan bulon da ke saman allo a kowane hoto. A na biyu allon ya haura layi ɗaya da rabi. Mu mutanen bulo ne, mun san bango ba ya sunkuyawa.

Na ɗauki ɗalibaina uku muka je tsohon filin. Turke ɗaya yana nan, an jingine shi a bayan ɗakin tukunyar tururi. A kusa da samansa akwai guntun bututu da aka sa a tsakiya aka yi masa walda sama da ƙasa, tsawonsa santimita goma sha ɗaya. Muka haƙa inda aka taɓa kafa shi, muka sami simintin 1948, muka ƙirga shimfiɗun jan bulo goma na farko da ke kansa, ɗaya bisa ɗaya kamar yankan kek. Kaurinsu santimita goma sha ɗaya. Kwandonmu bai taɓa motsawa ba, ƙasa ce muka yi ta ɗagawa zuwa gare shi da hannuwanmu, kowace Afrilu, muna waƙa.

Daga nan na tafi gidan tsofaffi wurin Baba Sima mai walda, shekararsa tamanin da takwas, idonsa ya tafi amma kansa garau. Na gaishe shi, na ce masa ni 'yar Obrad ce.

"Kin daɗe ba ki zo ba," in ji shi. "Na zaci uwarki ce za ta fara zuwa."

Ga abin da ya faɗa mini. Mako ɗaya kafin wasan farko, hukuma ta aiko da mai duba fili, ya auna, ya sami mita biyu da santimita casa'in da huɗu. Kwamared Kosta ya kai shi bakin kogi, aka dafa masa farfesun kifi, aka yi magana irin ta manya: a gyara, shi kuma bai ga komai ba. Ranar ɗaya ga Mayu, gari duka yana bakin kogi ana bikin ma'aikata, aka kira Baba Sima da kayan aikinsa. Kosta ya ce masa, "Sima, in wannan ya fita za su soke hawanmu, su ce da gajeren kwando muka ci kowa. Ko 'yan wasa kada su ji, bakinsu ba ya rufuwa a gidan giya."

Na ce, "Baba, to ranar taron fa? Kana wurin?"

"Ina wurin."

"Ba ka ce komai ba?"

"'Yar nan, 'ya'ya huɗu gare ni, gidan kamfani nake ciki. Kada ma ki wahalar da kanki da tambaya ta gaba, na ɗaga hannu. Har na riga wasu."

Na ce, "Kai kaɗai ka yi aikin? Allon nan da nauyi."

Ya juya fuskarsa wajen taga. "Sai da dogon mutum ya riƙe mini."

Ban tambaye shi suna ba. Dogaye uku ne a ƙungiyar waccan shekara, biyu sun rasu, kuma ba domin wannan na zo ba.

Ku ba ni dama in yi wa marigayi Kosta adalci a gaban ɗansa. Bai ci ko dinari ɗaya ba. Ya yi abin da ya yi ne domin kada a yi wa Drenik dariya a babban birni, kuma ya yi nasara, ba a yi mata ba. Ya zauna a kujera ya ga mutum ya miƙe yana cewa bai san abin da ya sami hannunsa ba, shi kuwa ya sani, har tsawon abin ya sani da santimita, ya auna garin da mutum ɗaya, ya ga garin ya fi nauyi. Shugabanni da yawa za su yi haka. Ba na neman a goge sunansa daga bangon nan, haruffan sun yi tsada.

Na huɗu, kuma shi ne na ƙarshe, abin da ya faru da na gaya wa mahaifina.

Na je masa da hotuna, da guntun takardar awo, da alfaharin 'ya mai ilimi. Yana zaune a kicin yana fere dankali. Na jera masa komai kamar ina gaban ɗalibai. Ya ajiye wuƙa, ya buɗe babban yatsa da manuni, ya gwada tazarar a iska.

"Goma sha ɗaya," in ji shi. "Ashe dai ya tashi."

"Ya tashi, Baba. Gaskiya ka faɗa."

Ya yi murmushi. Ban taɓa ganin irinsa a fuskarsa ba, kuma bai daɗe ba. Ya sake duban yatsun nan.

"Radmila, wanda na auna a kan tsani, shi ne daidai?"

"Shi ne."

"To wancan na dā ne gajere."

"E, Baba."

"Maki talatin ɗin nan duka."

Na fara tattara hotunan.

"Ashe ba miyar wake ba ce," in ji shi. "Ashe ban taɓa iyawa ba." Ya ɗauki wuƙarsa ya ci gaba da fere dankali.

Jama'a, ina da digiri uku, ba ɗaya da ya yi mini rana. Shekara hamsin mutumin nan yana rayuwa da abu ɗaya, cewa ya taɓa zama Agogo kafin hannunsa ya ci amanarsa. Na je in mayar masa da sunansa, sai na karɓe ɗan abin da ya rage masa. Da dare na tuna abin da ya kamata in ce, cewa hannun da zai gane santimita goma sha ɗaya daga nisan mita bakwai, a jifa ɗaya, alhali mutum dubu biyu da idanu dubu huɗu ba su gane ba, ba hannun banza ba ne. Washegari na faɗa masa. Ya ce, "Kin iya magana, kamar uwarki." Sai can ya ce, "An ce ƙasan sabon ɗakin nan katako ne. Ina son in gani. Ban taɓa taka na katako ba."

Iyakar abin da ya nema ke nan. Bai nemi a ba shi haƙuri ba, bai nemi lambar yabo ba, bai nemi a rataye hotonsa ba. Yana son ya shigo ta ƙofar da kuka shigo, ya taka abin da kuke takawa, ba tare da ya karya dokarku ba. Na ce masa ya shigo kawai, ba wanda zai hana tsoho. Ya ce, "Da hannu suka fitar da ni."

Ba zan ɓoye muku kuɗin abin ba, domin ba kyauta ba ne. Duk wanda ya ɗaga hannu yau ya yarda cewa Obrad Tomin bai sayar da kowa ba. Wanda ya yarda da haka ya yarda cewa kwandon ya tashi. Wanda ya yarda kwandon ya tashi ya yarda cewa dā gajere ne, cewa shekarar da ba a ci mu a gida ba, shekarar da ke rubuce a rigunan yaran can, a kan kwandon da ya gaza muka yi ta. Ba wanda zai hukunta ku. Ga wakilin hukuma nan, ku dubi fuskarsa, babu mai soke abin da kowa ya manta. Abin da za ku rasa labari ne kawai, amma na san shi kaɗai gare mu. Kamfanin bulo ya rufe, jirgin ƙasa ya daina tsayawa, 'ya'yanmu suna wanke kwanuka a ƙasashen wasu. Mahaifina ya riga ya biya nasa kason a kan kwanon dankali. Na zo in ji ko za ku biya naku.

Shugaba yana yi mini alama cewa wannan ba ya cikin jerin abubuwan yau. Gaskiyarsa. Na duba takardar taron 1958, korar ma ba ta cikin jerin abubuwan ranar, a ƙarƙashin "sauran batutuwa" aka yi ta. To ga sauran batutuwa.

An ce mini membobi ɗari da arba'in ne a ɗakin nan, saba'in da ɗaya ake bukata. Ina roƙonku da sunan iyayenku da suka tura baro, ina roƙonku da sunan iyayenku mata da suka dafa wake, ina roƙonku da sunan duk wanda ya taɓa tsayawa a kan rufin kamfani yana kiran Agogo: wanda ya yarda Obrad Tomin ya shigo ɗakin nan, ya ɗaga hannunsa.

Zan jira. Na saba jiran ɗalibai.

Ɗaya. Biyu. Na gode, Fada, amma ba ka da kati. Biyu dai. Uku, huɗu, can baya. Inna Draginja, na gan ki, biyar, mijinki ya ɗaga wancan karon, na san abin da wannan ya ci miki. Shida. Bakwai.

Kawu Jefta, ɗaga hannu kake yi, ko na'urar kunnenka kake gyarawa?

To. Na'ura ce.

Takwas. Tara. Ranka ya daɗe magajin gari, takardar da kake karantawa jerin abinci ne, ba za ta canza ba.

Tara.

Na gode wa mutum taran nan. Ku sauke, kada hannuwanku su gaji. Sauran kuma ba zan ce muku komai ba, kun ji, kun gane, kun zaɓa, wannan ya fi abin da aka yi a 1958, domin su yawancinsu ba su sani ba.

Allah ya sa albarka a wannan ɗaki, ya tsare rufinsa daga yoyo. Allah ya ji ƙan waɗanda suka kafa turakun farko, da wanda ya ba da umarni, da waɗanda suka yi dariya ba da mugun nufi ba. Allah ya ji ƙan mahaifiyata Anka. Allah ya ba tsofaffinmu lafiya da barci mai sauƙi. Yaran da za su yi wasa a kan katakon nan, Allah ya ba su hannu mai gaskiya, in kuma wata rana ɗayansu ya ce wani abu ya canza, Allah ya ba shi mutum ɗaya da zai tsaya ya saurara kafin a fara dariya. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.

Na tattara takarduna na sauka. Wani ya fara tafi, ya ga shi kaɗai ne, ya bari. Ratko ya riga ya kai makirfo yana cewa za a iya kafa kwamiti ya duba batun, yanzu kuma a matsa wajen teburori. Na bi baranda na tura ƙofar waje. Mahaifina ya riga ya fito daga mota, yana tsaye daidai bakin layin da harabar ta fara, ya ɓalla maɓallan kwat ɗinsa duka uku, ya cire hula ya riƙe a hannu, yana duban fuskata. Ƙofar ta rufe a bayana, na sauka matakalar zuwa wurinsa.